Dattin da Tsumma Ba Ya Kaiwa: Tabon Cikin Taga Mai Gilashi Biyu



Yau za mu leƙa gidajen ƙasashen sanyi, irin su Ingila da Jamus da Kanada, inda ake fama da wata matsala da ke sa matar gida ta goge taga har hannu ya gaji. Ta goge ta ciki, ta fita ta goge ta waje, ta dawo ta duba, zirin datti na nan daram. Dalili kuwa, dattin yana tsakanin gilasai biyu ne, wurin da aka liƙe tun daga masana'anta don kada ko iska ta shiga.

A waɗannan ƙasashe, taga gilashi biyu ce a haɗe, da 'yar tazara a tsakani, galibi milimita 12 zuwa 16. Iskar da aka kulle a tazarar ita ke hana ɗumin ɗaki tserewa a lokacin hunturu. Dabarar ta daɗe. Wani Ba'amurke, Thomas Stetson, ya yi rajistar irinta tun 1865, sannan kamfanin Libbey-Owens-Ford ya shigar da ita kasuwa da sunan Thermopane a wajajen 1941. Tsadar makamashi bayan rikicin man fetur na 1973 ta ƙara mata kasuwa, kuma daga 2002 dokar gini a Ingila ta tsaurara ƙa'idar riƙe ɗumi ga duk tagar da za a sauya, har gilashi ɗaya tilo ya kusa zama tarihi a sababbin ayyuka.

To mene ne ke lalacewa? A gefen gilasan akwai wani siririn bututu, sau da yawa na alminiyon, wanda ya raba su. An cika shi da ƙwayoyi masu shan danshi, 'yan uwan waɗanda kuke samu a ƙaramin ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi. Daga nan sai a bi gefen da danƙo kashi biyu, na farko ya tare tururi, na biyu ya riƙe gilasan. Wasu kuma a ɗura musu iskar argon, wadda ta fi iskar da muke shaƙa hana zafi wucewa.

Rana ce babbar abokiyar gabar danƙon nan. Da rana iskar ciki ta ɗau zafi ta kumbura, ta tura gilasan waje. Da dare ta huce, su koma. Haka kullum, shekara da shekaru, har danƙon ya gaji ya buɗe wata kafa da ido ba ya gani. Shi ya sa a Turai tagogin da ke fuskantar kudu, waɗanda suka fi shan rana, su kan riga sauran lalacewa. Akwai kuma sakaci: a ƙasan firam akwai 'yan ramukan da ruwan sama ke bi ya fita, idan suka toshe sai gindin gilashin ya zauna cikin ruwa, danƙon ya ruɓe da wuri.

Da farko ba a ganin komai, domin ƙwayoyin nan suna shanye danshin da ya kutsa. Ranar da suka ƙoshi, sai hazo ya bayyana da sassafe, ya ɓace da hantsi. Mai gida ya ce ai ba komai. Nan ne fa ake yin asara, saboda raɓar tana taruwa ta gangaro, ta bushe, ta bar sawu. Gobe wata ta bi sawun.

A nan ya kamata mu tsaya, domin zirin iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ke yanke hukunci. Akwai wanda ɗan gishiri ne da ƙura da ruwa ya bari a fuskar gilashi, wannan da hannu zai kai, da ya goge. Akwai kuma wanda ya ci gilashin kansa. Gilashin taga yana da sinadarin soda a jikinsa, ruwan da ya daɗe kwance a kai yana tsotso shi, ya rikiɗe ya zama mai kaifi, ya koma yana cin fuskar gilashin. Sakamakon shi ne farin tabo mai kama da madara, wanda babu sabulun da ke fitar da shi. Idan kuma gilashin yana da siririn shafen azurfa na mayar da zafi, danshi na ɓata shi, sai ka ga wasu launuka ko duhu-duhu. Wannan ma ya tafi ke nan.

Kafin a kira kowa, a sa yatsa a shafa. Idan raɓar ta gogu daga cikin ɗaki, danshin ɗakin ne ya yi yawa, daga girki ko wanka ko shanya, maganinsa a buɗe taga iska ta zaga. Idan ta gogu daga waje, albishir ne, alama ce tagar tana riƙe ɗumi yadda ya kamata. Sai wadda ta ƙi goguwa ta kowane ɓangare ce ke nuna danƙo ya mutu.

Akwai masu sana'ar da za su ce maka ba sai ka sauya ba. Su kan huda ƙananan ramuka a kusurwar gilashin, su fesa ruwan wanki, su tsotse, su busar, su sa wani ɗan murfi mai barin tururi ya fita. Gaskiya hazon kan ragu, kuma kuɗin bai kai na sabo ba. Amma argon ɗin da ya tsere ba ya dawowa, danƙon yana nan a fashe, tabon da ya ci gilashi kuma yana nan. Wani lokaci ma ruwan wankin da bai bushe da kyau ba ya bar nasa zirin, a wurin da yanzu ma hannu ba ya kaiwa. Sannan idan gilashin irin mai tauri ne da aka gasa, kamar na ƙofofi, da zarar an taɓa shi da abin huji sai ya tarwatse gaba ɗaya. A ganinmu, wannan hanya ta mai neman jinkiri ce, ta dace da hazon da bai daɗe ba.

Gyaran da ke ɗorewa shi ne a sauya gilasan biyu da aka haɗe, a bar firam ɗin a wurinsa. A kula da wannan sosai, domin wani ɗan kasuwa zai so ya sayar maka da taga sukutum, alhali firam lafiyarsa ƙalau. Mai gilashi zai auna faɗi da tsawo da kauri, a haɗo sabo, ya ɓalle sandunan da ke riƙe da tsohon, ya zare, ya saka. Aikin bai cika wuce awa guda ba a taga ɗaya. Kafin ka biya, leƙa bututun da ke tsakanin gilasan, masana'antu da yawa na buga ranar ƙira a jikinsa. A Ingila garantin shekara 10 abu ne da aka saba bayarwa. Wanda kuma ke haya, kamar ɗalibanmu da ke karatu can, ya ɗauki hoto ya tura wa mai gidan tun hazon farko, kada a ce shi ya ɓata a ranar da zai tashi.

Mu ma a nan abin bai bar mu ba. Dogayen gine-gine masu fuskar gilashi a Abuja da Legas suna amfani da irin wannan, don riƙe sanyin na'ura a ciki. Mafi kusa ma, ƙofar firjin lemo a shago yawanci gilashi biyu ce. Mai shago da ya ga hazo ko ziri a tsakiyarta, kwalabe sun daina fitowa sarai, ya san ƙofar ce ke neman sauyi, injin kuma zai ƙara shan wuta kafin a sauya ta.