3.4 Dalilan Gaggawa da Tuƙin Ganganci a Tsakanin Direbobin Akori-kura a Kano

Akori-kura ita ce ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya. A Kano, irin waɗannan motoci suna kwasar hatsi daga kasuwar Dawanau, da kayan masarufi daga Singa, da kuma kayan gwari daga 'Yankaba, su rarraba wa masu shaguna a unguwanni. Jama'a sukan zargi direbobinsu da gudun wuce sa'a, da kutse, da yawan matsa oda. Wannan sashe zai nuna cewa babban tushen matsalar yana ga yadda direba yake samun kuɗinsa.

3.4.1 Biya Bisa Sawu

Galibin waɗannan direbobi ba su da albashin wata. Kuɗin sawu ake biya, wato a yi ciniki a kan kai kaya daga wuri kaza zuwa wuri kaza. Ko tafiyar ta ci minti 30, ko ta ci awa 3, kuɗin ɗaya ne. Ke nan duk lokacin da ya ɓace a cunkoso, direba ne ya yi asararsa. Haka kuma lodi a tasha bisa layi ake yin sa. Wanda ya riga dawowa shi zai riga samun wani sawun.

3.4.2 Balas da Sauran Ɗawainiya

Da yawa daga cikin direbobin ba su ne suka mallaki motocin ba. Akwai balas, wato kuɗin da aka yanka wa direba ya kai wa mai mota, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Bayan wannan ga kuɗin mai, ga na ƙungiya, ga sallamar yaron mota. Saboda haka sawun farko da na biyu sukan tafi a hidimar mota, sai daga baya direba ya samu na cefane. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya daɗa ƙuntata wannan lissafi.

3.4.3 Matsin Mai Kaya

Wani kayan ba ya jira. Tumatir da alayyafo sukan lalace idan suka sha rana, mai shago kuma yana son kayansa su iso kafin masu saye su watse. Sau da yawa mai kaya yana zaune a gefen direba yana zuga shi.

3.4.4 Abin da Gaggawar ke Haifarwa

Idan aka yi lissafi, ribar gudun ba ta taka kara ta karya ba. Tafiyar kilomita 10 a gudun kilomita 40 cikin awa tana cin minti 15. A gudun 60 kuwa minti 10. An samu minti 5 ke nan, amma tazarar da mota za ta ci bayan an taka birki ta ninka fiye da sau biyu. Lodin da ya wuce kima da tsofaffin tayoyi suna ƙara wannan tazara. Masu tafiya a ƙasa da masu babura su ne suka fi kwana a ciki. Hausawa dai sun ce sauri kan haifi nawa.

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, a 2017 kuma ta soma tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. A Kano ga hukumar KAROTA. Sai dai tara tana ƙara wa direba bashin da zai yi gudu ya cike. Matuƙar ba a gyara tsarin balas da na sawu ba, ta yadda lokacin da aka ɓata a hanya zai shiga cikin ciniki, to da wuya kame kaɗai ya magance tuƙin ganganci.