"Morocco": Yadda Fatar Jar Akuyarmu Ta Ɗauki Sunan Wata Ƙasa

Duk wanda ya buɗe ƙamus ɗin Turanci ya nemi kalmar "morocco" zai tarar da ma'ana biyu. In an fara ta da babban baƙi, ƙasar Maroko ake nufi. In kuwa da ƙaramin baƙi ne, to fata ce: jemammiyar fatar akuya mai laushi da ƙwari, galibi ja, wadda Turawa ke yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Yanzu ba kasafai ake jin wannan ma'ana ta biyu ba, sai a bakin masu ɗinkin littafi da dillalan tsofaffin littattafai. Amma mutanen Nijar sun san 'yar'uwarta ta Faransanci, wato "maroquinerie", sana'ar jakunkuna da sauran kayan fata.

To, me ya haɗa wannan kalma da mai sayar da fata a kasuwar Karofane ko Buza ko Madawa? Abin da ya haɗa su shi ne jar akuya, wadda ake kira ta Maraɗi a Nijar, a Nijeriya kuma ta Sakkwato. Gaskiya ne Maroko na da majemanta, musamman a birnin Fas, kuma daga can sunan ya samo asali. Sai dai fata mai yawa da Turawa suka riƙa saye da wannan suna, a ƙasar Hausa aka jeme ta. Majema su jeme ta da bagaruwa, a rina ta da karan dafi ta yi jawur, sannan fatake su ɗora wa raƙuma su keta Sahara, wasu ta Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Bature ya saya a bakin teku a hannun Balarabe, bai taɓa jin sunan wanda ya yi aikin ba.

Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya shiga Kano a 1851, ya lissafa jemammun fatu da takalma cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fata ta juya kudu, ta koma bin Ikko. Daga baya masu ɗinkin littafi na Ingila suka riƙa cewa "Niger morocco", kun ga ko da aka tuna da mu, sai da aka jingina mu da Maroko.

Kada 'yan kasuwa su ɗauka zancen suna wasa ne, domin suna shi ke yanka farashi. A 2021 hukumar OAPI, mai rajistar sunayen kayayyaki a ƙasashen Afirka da dama, ta yi wa fatar jar akuyar Maraɗi rajista, tare da kilishin Nijar da cuku da albasar Galmi ta nan jihar Tawa.

Rajista dai ba ta gyara fatar da aka ɓata. Mai saye yakan ɗaga fata ya duba ta a haske, yana neman yankan wuƙa na wurin fiɗa, da tabon ƙaya ko na ƙazuwa, ya kuma duba ko a inuwa aka shanya ta ko an baje ta a ƙasa rana ta ƙona. Uwargidan da ta yi shekara tana kiwon akuyarta tana iya yin asarar kuɗin fatar a 'yan mintocin da mahauci ya yi yana gaggawa.