Ilimin ciwon sukari yana cikin waya, amma bai iso Arlit ba tukuna

Gawayin da kamfanin SONICHAR ke haƙowa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, shi ke ba Agadas da Arlit da Akokan wutar lantarki. Da wutar nan ake cajin salula, a cikin salular kuma akwai ilimin ciwon sukari wanda shekaru talatin baya ko babban likita ba ya samun irinsa a ɗakin karatunsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta zuba bayananta kyauta, haka ma ƙungiyar ciwon sukari ta duniya, IDF. Rumbun PubMed na Amurka ya tara miliyoyin taƙaitattun binciken likitoci, shirin Hinari kuma tun 2002 yake buɗe wa asibitoci da makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun da ake saye da tsada. Sai dai ilimin nan ba zai amfani mutumin Arlit ba sai an sauko da shi cikin harshensa, da ma'aunin da ya sani, da yanayin garinsa.

Hukumar Lafiya ta ce masu ciwon sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Ƙididdigar IDF ta 2021 ta nuna manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a yankin Afirka, fiye da rabinsu kuma ba su sani ba. Ciwon yana shigowa ne da sanɗa: ƙishirwa, yawan fitsari, rama, kasala, gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. To a garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wa zai zargi ƙishirwa? Direban da ya kwaso hanyar Agadas zuwa Arlit, idan ya ji gajiya, hanya zai ɗora wa laifi.

A ɗauki wanda ya yi ƙoƙari ya je aka auna jininsa kafin ya karya kumallo. Takardar da aka ba shi a tsarin Faransanci take, giram a kowace lita, inda ciwon ke farawa daga 1,26. Ya buɗe shafin Amurka ya ga 126, ya buɗe na Ingila ya ga 7. Iyaka ɗaya ce aka rubuta da ma'auni uku. Amma mai riƙe da takardar da ta ce 2, in ya ga 7 a waya, sai ya yi hamdala ya koma gida, alhali sukarinsa ya yi sama ƙwarai. Haka batun abinci. Shafukan suna lissafa cimar da ba ta zuwa kasuwar Akokan, shi kuwa tambayarsa a kan fura ce da tuwon gero, da taliya da dabino, da shayin nan mai zagaye uku da ake zuba wa sukari ba awo, wanda ƙin karɓarsa a majalisa abu ne mai nauyi.

Abin takaicin shi ne, amsoshin da suka dace da hamada suna nan a intanet, a kulle cikin Turanci da Faransanci. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba sun wallafa binciken da suka yi bisa yanayin sansanin Dagahaley a Kenya, suka gano cewa kwalbar insulin da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Ga gidan da ba firji, ko inda wuta ke ɗaukewa, wannan babban labari ne. Amma yana buƙatar mai fassara da ya san cewa ɗakin kwano a Arlit yana wuce 37, domin ya ce a nemi inuwa da sanyin gindin randa, kada a bar kwalbar a mota. Haka kuma IDF da ƙawancen DAR mai nazarin ciwon sukari da azumin Ramadan sun fitar da ƙa'idojin azumi ga masu ciwon a 2016, suka sabunta a 2021, suna bayyana wanda azumi ke yi wa haɗari da lokacin da ya wajaba a sha ruwa. Limami da malamin asibiti duk suna buƙatarsu.

Wasu za su ce magani da abin awo ne babu, me bayani zai tsinana? Gaskiya ne shafi ba ya auna jini, ba ya ba da allura. Amma wanda bai san yana da ciwon ba ba zai nemi magani ba ko da yana ƙofar gidansa, kuma duba ƙafa kullum da rage sukarin shayi ba sa cin ko dala. Wasu kuma za su ce intanet ta cika da masu tallar maganin da wai ke kawar da ciwon cikin kwana bakwai, gara a hana mutane. Hanin ba zai yiwu ba, domin muryoyin nan sun riga sun shiga WhatsApp, da Hausa tsantsa suke magana, shi ya sa ake jin su. Gaskiyar ce ke zuwa da Faransanci a rubuce, ga jama'ar da da yawansu sauraro suka fi yi. Senegal ta gwada wata hanya tun 2014, inda ta riƙa aika wa masu ciwon gajerun saƙonni ta waya a watan azumi, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya.

Aikin da ya rage bai fi ƙarfin jihar Agadas ba. Ma'aikatan lafiya su ɗauko daga shafukan da aka amince da su, su mayar da shi saƙon murya na minti biyu da Hausa da Tamajak, da ma'aunin da ke kan takardun asibitocinmu, gidajen rediyo su maimaita. Ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, ta dace da farawa. Kai kuma mai karatu, in ka haura shekara arba'in, ko akwai ciwon a danginku, je asibiti da safe kafin ka ci komai a auna ka, sannan ka roƙi malamin ya karanta maka lambar da bakinsa.