Mata Biyar Na Landan Da Aka Manta Da Su

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin Ingila ya ji sunan Jack the Ripper, wato mutumin nan da ya riƙa yi wa mata kisan gilla a unguwar Whitechapel ta gabashin Landan a shekarar 1888. Har yau ba a gano ko shi wane ne ba. Sunan ma ya fito ne daga wata wasiƙa da aka aika wa wani kamfanin dillancin labarai a watan Satumba na shekarar, kuma da yawa daga cikin masana suna zaton wani ɗan jarida ne ya rubuta ta don a sayi jarida. Duk da haka an yi littattafai da finafinai barjat a kansa, masu yawon buɗe ido kuma suna biyan kuɗi a zaga da su lungunan da ya yi ɓarnar. To, matan da ya kashe fa, mutum nawa ne ya san sunayensu?

Wannan tambaya ce ta dami wata masaniyar tarihi mai suna Hallie Rubenhold, haifaffiyar Amurka mazauniyar Birtaniya. A 2019 ta fitar da littafi mai suna The Five, wato “Su Biyar”, wanda ya ci lambar Baillie Gifford ta fam 50,000 a shekarar. Ba ta ɓata tawada wajen neman makashin ba, ba ta kuma tsaya siffanta gawa ba. Rayuwar matan ta bi, tun daga haihuwa. Su ne Polly Nichols da aka kashe ran 31 ga Agusta, da Annie Chapman ran 8 ga Satumba, da Elizabeth Stride da Catherine Eddowes duk ran 30 ga Satumba, sai Mary Jane Kelly ran 9 ga Nuwamba.

Fiye da shekara ɗari ana cewa dukansu karuwai ne, aka kuma bar maganar a nan, kamar dai wannan ya isa bayani. Malamar ta duba rajistar haihuwa da ta aure, da takardun ƙidayar jama'a, da littattafan gidajen matalauta, ta ce ba ta ga hujjar da ta tabbatar da haka a kan Polly da Annie da Catherine ba. Ashe huɗu daga cikin matan sun haura shekara 40, sun kuma yi zaman iyali. Annie matar wani mai tuƙa keken doki ce a gidan masu hali kusa da Windsor, giya ce ta raba ta da gidanta bayan 'yarta mai shekara 12 ta rasu. Elizabeth daga Suwidin ta zo, ita da mijinta har shagon sayar da kofi suka taɓa riƙewa. Catherine kuwa yawon gari-gari ta yi tana tallan 'yan ƙananan littattafai da takardun waƙa.

Labarin Polly shi ya fi tsaya mana a rai. 'Yar maƙeri ce, ta yi makaranta, ta iya karatu da rubutu. Ta auri ma'aikacin maɗaba'a suka haifi 'ya'ya biyar, aure ya mutu wajen 1880. A zamanin nan saki na masu kuɗi ne, kuma macen da ta fita daga gidan miji ba ta da madafa sai gidan aikin matalauta, wanda dokar 1834 ta tsara shi da gangan don ya zama wurin wahala da wulaƙanci, inda ake raba miji da mata, a raba uwa da ɗa. A 1887 tana cikin masu kwana a filin Trafalgar. Daren da aka kashe ta, an kore ta daga gidan kwanan haya saboda ba ta da kwabo huɗu na gado. Wannan fa a birnin Sarauniya Bitoriya ne, lokacin da Ingila ke aika mutane ƙasashen duniya da sunan koya musu wayewa.

Ba kowa ne ya yarda da malamar ba. Ta kawo ra'ayin cewa wasu daga cikin matan suna barci ne a waje aka far musu, masu bin diddigin makashin kuwa suka yi mata ca, suka ce shaidun da aka bayar a lokacin ba su goyi bayan haka ba. A ganinmu nan ne hujjarta ta fi rauni, domin takardun binciken mutuwar Polly da Annie da Elizabeth sun ɓace, abin da ya rage rahoton jaridu ne, kuma jaridun kansu suna saɓa wa juna. Amma ko da sun yi gaskiya a wannan, ba su rushe sauran aikin ba. Mu da muke tsayawa gaban allo mun san sauƙin koyar da sunan sarki da ranar yaƙi, mun kuma san wuyar nemo talaka a cikin takarda. Ita ta nemo biyar, ta rubuta su da harshen da wanda bai je jami'a ba zai karanta.

Ba ta tsaya a littafi ba. A 2021 ta fara wani shiri na sauraro a intanet mai suna Bad Women a kan matan, a 2025 kuma ta sake fitar da littafi kan shari'ar Dakta Crippen ta 1910, inda ta mai da hankali ga matarsa Belle Elmore da ya kashe. A ƙarshen littafin na farko ta jera kayan da 'yan sanda suka samu a jikin matan. Ban da tufafin da take sanye da su, abin da aka samu wurin Polly shi ne mataji, da farin hankici, da gutsuren madubi.