Gubar da Ba Ta da Wari

Komai na duniyar nan, daga dutse har jikin ɗan Adam, da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kowace ƙwaya da cibiyarta. Akasarin cibiyoyin nan a zaune suke lafiya. Wasu kuwa, irin na yuraniyom da ake haƙowa a Arlit, ba su da natsuwa: rana tsaka sai cibiya ta harbo wani yanki nata waje, ta rikiɗe ta zama wani sinadari dabam. Abin da take harbowar shi ake kira tururin nukiliya, wanda Bafaranshe Henri Becquerel ya gano a 1896.

Manyan ire-irensa uku ne. Alfa, takarda ma tana tare shi, amma in an haɗiye ko an shaƙe shi illarsa babba ce. Bita, fallen alminiyom ya ishe shi. Gama kuwa ratsa jiki yake yi, sai dalma ko kankare mai kauri ke rage masa kaifi.

Kowane sinadari mai fitar da wannan tururi yana da wa'adin da rabinsa ke ƙarewa. Na aidin-131 kwana 8 ne, na siziyom-137 kusan shekara 30, na yuraniyom-238 kuwa shekara biliyan 4.5. Wuta ba ta gaggauta wannan wa'adi, wanki kuma sauya wa gubar wuri kawai yake yi. Ga shi ba ta da wari, galibi ido ma ba ya ganin ta.

A 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Brazil, wasu mutum biyu suka kwance na'urar gashin cutar daji daga wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka sayar wa ɗan gwangwan. A cikinta akwai garin siziyom-137 mai shuɗin ƙyalli cikin duhu. Abin ya ba ɗan gwangwan sha'awa, ya kai gida, aka rarraba wa dangi, har wasu suka shafa a jiki. Amai da gudawa suka biyo baya, fata ta sale. Mutum 4 suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6, aka kuma gwada mutum sama da 100,000.

Tururin nan yana da amfani, da shi ake jinyar cutar daji. Sakaci da shi ne masifar. Don haka 'yan gwangwan da 'yan jari bola, in kun ci karo da ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa, ko mai tambarin fukafukai uku kamar na fanka a kan ruwan ɗorawa, kada ku fasa, kada ku ɗauka. Ku yi nesa da shi, ku sanar da hukuma.