Garkar itatuwa: dukiya mai jinkiri, mai daɗewa

Manomi in ya samu rarar kuɗi, abin da ya saba yi shi ne ya sayi bisa. Ko tunkiya, ko akuya, ko sa. Wannan dabara ce ta kaka da kakanni, kuma ba ta da laifi. Amma fari ba ya barin dabba. A shekarun 1973 da 1974, da kuma shekarar 1984, mutane da yawa sun kwana da garke, sun wayi gari da igiya a hannu. Waɗanda ke da garka a bakin gulbi ko cikin fadama, su ma sun sha wuya, amma itatuwan da jijiyarsu ta kai ga ruwa sun tsaya. Bayan farin 1984 ne Shugaba Seyni Kunce ya yi kira ga jama'a su kama noman rani gadan-gadan. Tun daga lokacin rijiyoyi suka yawaita cikin fadamu.

Noman rani kashi biyu ne. Akwai na wata uku ko huɗu, kamar albasa, da tumatir, da salati, da kabeji. Akwai kuma na shekaru, wato itatuwa masu ƴaƴa: mangwaro, lemu, gwaba, dabino. Na farko yana ba da kuɗi da wuri, amma kowace shekara sai an sake daga tushe. Na biyu yana cin kuɗi shekara uku ko huɗu bai maida ko dala ba. In ya fara bayarwa kuwa, iccen mangwaro yakan wuce shekara 40 yana ƴaƴa. Wanda ya dasa shi zai ci, ɗansa zai ci.

Nijar ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Gaya ta yi suna da lemu da mangwaro. Miriya da Matamai da Magarya suna da garake tun da daɗewa. A Timiya, cikin duwatsun Abzin, ana samun lemu da rumman. Ingal da Bilma garuruwan dabino ne. Duk da haka, wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai, ko kasuwar Dole a Damagaram, zai tarar da lemu da mangwaro masu yawa da motoci suka ɗauko daga Najeriya da sauran ƙasashen kudu. Masu saye suna nan, kayan gida ne ba su isa ba.

Fili na wane ne?

Wannan ita ce tambayar farko, kafin maganar rijiya, kafin maganar iri.

A ƙasar Hausa ana samun gona ta hanyar gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko haya, ko jingina. Hatsi yana iya shiga kowace iri. Icce ba haka ba ne. Bisa al'ada, wanda aka ara wa gona ba ya dasa icce cikinta, domin dasa icce alama ce ta mallaka. Haka ma gonar jingina: ranar da mai ita ya kawo kuɗinsa, zai karɓi abinsa, da itatuwa da rijiya duka. Mutum yana iya shekara biyar yana ban ruwa, ranar da mangwaro ya fara nuna, magadan mai gona su zo su ce ubansu aro ya bayar. In babu takarda, shaidu kuma sun rasu, shari'a ta yi wuya.

Gonar gado ma tana da tata matsala. In ba a raba gandu ba, ɗaya daga cikin ƴan'uwa ya zuba dukiyarsa ya yi garka, ranar rabo sai rigima ta tashi: fili na kowa ne, itatuwa na mutum ɗaya. Gara a zauna tun da wuri, gaban manya, a fitar da rabon kowa, har da na mata.

Tun ranar 2 ga watan Maris na shekarar 1993 Nijar take da dokar ƙasar karkara. Dokar ta yarda da mallakar gargajiya, kuma ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo. Akwai ta gari, ƙarƙashin mai gari, akwai ta komin, akwai ta departama. Su ke ba da takardar shaidar saye, ko ta kyauta, ko ta gado, ko ta aro. Mai son sayen fili ya tafi tare da mai sayarwa, da maƙwabtan gona, a zagaya iyaka, a rubuta. Ya bincika kuma ko filin bai shiga burtali ko mashayar dabbobi ba. Wanda ya kafa garka bisa hanyar makiyaya ya sayi faɗa da kuɗinsa.

Ruwa

Fili mai kyau a watan Satumba ba lalle ya zama mai kyau a watan Mayu ba. Bayan damana kowace fadama kore take. Mai hankali yakan je duba fili cikin bazara, lokacin da rijiyoyi suka fi yin ƙasa. Ya leƙa rijiyar maƙwabta, ya auna igiyar wasaki, ya tambayi tsofaffi ko ta taɓa ƙafewa.

Injin ban ruwa da ake ajewa bakin rijiya ba ya jawo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 ko 8. In ruwa ya fi haka nisa, sai an haƙa wa injin rami, ko a nemi fanfon da ake zurawa cikin ruwa. Duk wannan ƙarin kuɗi ne. Kuma ruwa yana iya gudu. Mutanen Gulbin Maradi sun ga haka: tun da aka gina madatsar Jibiya a Najeriya, wajen shekarar 1990, gulbi ya rage malala kamar da, masu garake da yawa sai da suka ƙara wa rijiyoyinsu zurfi.

A ɗanɗana ruwan kuma. In yana da kanwa ko gishiri, in ƙasa tana yin fari-fari bayan ta bushe, lemu da mangwaro ba za su ji daɗi ba. Dabino ya fi su jure wannan. Shi ya sa ya kama cikin kwaruruka na Gidimuni da na ƙasar Manga, inda har yakan yi ƴaƴa sau biyu a shekara.

Ruwa in ya yi yawa shi ma ɓarna ne. A shekarar 2020 kogin Kwara ya fasa shingaye a Yamai, ya kwana cikin garake. Babban mangwaro yakan jure kwanciyar ruwa na ɗan lokaci. Lemu da gwanda ba sa jurewa. Kada a dasa su can tsakiyar kwari.

Ga lissafi kaɗan. A ce mutum yana da ƙananan itatuwa 50. Kowane yana shan bokiti 2 na lita 20, sau 3 a mako, cikin rani. Ban ruwa ɗaya lita 2000 ke nan, wato tano 10. A mako tano 30. Kuma rani a nan wata takwas ne ko fiye. Wanda zai ja wannan da hannu ya san abin da ke gabansa. Wanda zai sa inji ya lissafa kuɗin mai da na gyara. Yanzu fanfo mai aiki da hasken rana ya yawaita. Sayensa yana da tsada, amma ba ya shan mai. Sai dai yana son mai gadi, domin farantansa suna jan idon ɓarawo.

Shinge kafin dashe

Akuya ɗaya tana iya cinye aikin shekara biyu cikin yini guda. Don haka shinge ake fara yi. Shingen waya ya fi saurin kafuwa, amma yana da tsada. Shingen ƙaya kowace shekara sai an sabunta shi, ga kuma sarar itatuwan daji. Abin da ya fi shi ne a haɗa: a yi na ƙaya ko na waya, a shuka magarya, ko dakwara, ko lalle a jikinsa. Bayan shekara uku shinge mai rai ya tashi. Wajen gabas, inda iskar ɗari ke bugowa, a jera dogon yaro don kare iska, amma nesa da itatuwan ƴaƴa, don jijiyarsa tana da kwaɗayin ruwa. Mutanen kwarin Majiya sun san amfanin irin wannan jeri tun shekarar 1975.

Wane icce?

Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan yi shekara 6 zuwa 8 kafin ya haihu, kuma sau da yawa ƴaƴansa ƙanana ne masu zare. Mangwaro mai aure, wanda aka ɗaura wa reshen iri mai kyau, yana farawa a shekara ta 3 ko ta 4. Sai dai farawa daban, cika daban: sai ya kai wajen shekara 8 ko 10 yake ba da kaya sosai. Kuma yakan yi shekarar yawa, ya bi ta da shekarar kaɗan. Mai lissafi kada ya auna dukiyarsa da shekarar yawa.

Irin mangwaro ba lokaci ɗaya suke nuna ba. Amélie, wanda wasu ke kira Gwamna, yana riga. Kent yana biye. Keitt shi ne na ƙarshe. Wanda ya dasa iri ɗaya tak, kayansa duka za su nuna mako biyu ko uku, daidai lokacin da kasuwa ta cika, dillali ya saya yadda ya ga dama. Wanda ya garwaya iri yana sayarwa tun farko har ƙarshe, kuma kuɗi suna ga na farko da na ƙarshe.

Gwaba tana haihuwa a shekara ta 2 ko ta 3. Lemu mai aure a ta 3 zuwa ta 5. Lemun tsami ya fi na zaƙi jure zafi, kuma ba ya rasa mai saye. Dabino yana da namiji da mace. Wanda ya shuka ƙwallo, kusan rabi maza za su fito, kuma ba zai sani ba sai bayan shekaru. Gara a ciro ɗan da ya tsiro a gindin uwa mai kyau. Akwai kuma magarya mai aure, wadda cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa. Ƴaƴanta manya ne, tana haihuwa da wuri, ba ta son ruwa da yawa.

A sayi dashe wurin mai rainon da aka sani, ko a nemi shawarar ma'aikatan noma da na gandun daji. A duba tabon aure a jikin icce da ido. Wanda aka sayar wa mara aure da sunan mai aure, sai bayan shekara huɗu zai gane, mai sayarwa kuwa ya daɗe da cin kuɗi.

Dashe da reno

Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. Mangwaro yana son mita 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa, wato icce 100 a hekta. Lemu mita 7, wajen icce 200. Masu garka da yawa suna ganin filin ya yi faɗi, sai su matsa. Bayan shekara 10 rassa su haɗe, rana ba ta shiga, ƴaƴa su ragu.

A haƙa rami tun bazara, zurfi da faɗi kamar santimita 80. A cika shi da ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona jijiya, yana kuma kiran gara. A dasa in damana ta zauna, cikin Yuni ko Yuli. Tabon aure ya tsaya sama da ƙasa. Duk reshen da ya tsiro ƙarƙashin tabon a cire shi, in ba haka ba zai kashe auren. Furen shekarar farko ma a tsinke shi, ko da yana da wuya a zuciya, don icce ya yi ƙarfi.

Lemu ba ya son ruwa ya taɓa gindinsa. In ruwa yana kwana a jikinsa, ɓawo ya ruɓe, ƙaro ya riƙa fita, icce ya mutu a tsaye. A yi masa ƴar kunya kewaye da gindi, a zuba ruwa bayanta. Babban mangwaro kuma a ɗage masa ruwa wajen wata biyu bayan damana, don ƙishirwa da sanyi ke sa shi fure. In ƴaƴa sun ɗauru a maida ruwa.

Akwai wani ƙuda da aka fara gani a Afirka a shekarar 2003, ya iso Afirka ta Yamma a 2004. Yana huda mangwaro da gwaba da lemu ya sa ƙwai, tsutsa ta ci ciki. Yakan ƙaru da saukar ruwan farko, don haka masu nuna a makare sun fi shan wuya. A tsince duk abin da ya faɗi, a bizne shi cikin rami mai zurfi, ko a ɗaure cikin baƙar leda a bar shi a rana. In maƙwabta ba su yi ba, aikin mutum ɗaya ba ya isa.

Shekarun jira

Nan ne garake da yawa ke mutuwa. Mai garka ya kashe duk abin da ke hannunsa wajen fili da rijiya da shinge, shekara ta biyu ba shi da kuɗin mai. Ko kuma ya tafi biɗa ya bar wa yaro, yaro ya yi mako biyu bai ba da ruwa ba cikin Afrilu.

Maganin wannan yana cikin filin kansa. Tsakanin ƙananan itatuwa akwai wuri mai yawa, shekara 4 ko 5 kafin inuwa ta rufe. A zuba albasa, da tumatir, da tattasai, da kabeji. Ruwa da takin da suka sha, itatuwa ma sun sha. A sa zogala, wadda ake fara yankan ganyenta cikin wata biyu ko uku, mata kuma suna saye kullum. A sa gwanda, tana haihuwa kafin shekara ta zagayo. Waɗannan su ke biyan mai da ladan ma'aikaci. Sai dai a bar mita ɗaya da rabi kewaye da gindin kowane icce, kada hauya ta sari jijiya.

Bashi kuma a yi hattara da shi. Bashin da za a biya bayan wata shida ba ya dacewa da iccen da zai haihu bayan shekara huɗu. In an ci bashi, a auna biyansa da albasa, ba da mangwaro ba. Wanda ƙarfinsa bai kai hekta ba, ya fara da icce 20, ya ƙara kowace damana. Mata a Maradi, waɗanda suka fara asusun Mata Masu Dubara tun shekarar 1991, sun nuna yadda kuɗi kaɗan-kaɗan ke taruwa. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa rijiya ɗaya da inji ɗaya, muddin sun rubuta ranar ruwan kowa da rabon kuɗin gyara.

Saura sayarwa. Ƴan kasuwa sukan zo tun ƴaƴa suna ɗanye, su sayi icce gaba ɗaya. Mai garka yana samun kuɗi a hannu, ya huta da gadi da jemage, amma farashin kaɗan ne, kuma masu tsinka ba sa tausayin rassa. Wanda zai tsinka da kansa ya yi da sanyin safiya, kada ya kaɗo ƙasa, ya jera cikin kwando da ganye a inuwa. Nunannen mangwaro kwanakinsa kaɗan ne. Don haka garkar da ke kusa da hanyar mota ta fi ta nesa tsada ranar saye, kuma in aka duba abin da ke ruɓewa bisa amalanke kafin a kai kasuwa, ta cancanci kuɗinta.