Duwatsu da Rafukan Birnin Kano: Abin da Sunaye Suka Adana

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa ba a banza Birnin Kano ya zauna inda yake ba, kuma sunayen wurare su ne shaidar da ta fi daɗewa a kan haka. Abu biyu ne suka jawo mutanen farko, watau dutse da ruwa. Dutsen yana nan kowa na ganinsa, amma ruwan ya fara ɓacewa daga idon jama'a, har ya zamana sai a bakinsu kaɗai ake jin alamarsa.

2.0 Duwatsu

Dala shi ne uban duwatsun Kano. Tsayinsa ya kai kimanin mita 534 daga doron teku, kansa kuwa a baje yake, an lulluɓe shi da marmara mai ɗauke da tama. Wannan tama ce ta fara kawo mutane. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun sami alamun narka ƙarfe a gindinsa waɗanda aka ƙiyasta sun kai ƙarni na 7 na Miladiyya. Labarin baka ma ya zo daidai da wannan, domin Abagayawa suna danganta asalinsu ga wani maƙeri mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya neman tama. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, ya nuna cewa a kan Dala Barbushe ya zauna yana jagorancin bautar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda a wajen 999.

Saboda ƙasar Kano shimfiɗaɗɗiya ce, tun daga nesa matafiyi yake tsinkayar Dala. Daga nan ne aka sami karin maganar nan, "hangen Dala ba shiga birni ba," wadda ake yi wa wanda ya ɗauka ya gama aiki alhali kuwa da saura.

Na biyu shi ne Gwauron Dutse, yamma da Dala. Bayanin da aka fi yi shi ne an kira shi gwauro don yana tsaye shi kaɗai. Yau galibin mutane Goron Dutse suke cewa, watau tagwan wasali "au" ya koma dogon wasali "o", har mai ji ya zaci da goro aka haɗa shi. Wannan misali ne na yadda sauyin furuci kan binne ma'anar suna. Akwai kuma Magwan da Fanisau a wajen ganuwa, waɗanda su ma tsofaffin mazaunai ne.

3.0 Jakara

Dutse kaɗai ba ya riƙe gari, sai da ruwa. Ruwan Kano na farko shi ne Jakara, wadda ta ratsa birnin ta nufi arewa maso gabas. Tarihin Kano ya siffanta ta da kurmi mai duhu da baƙin ruwa, wanda mutanen Dala suke tsoro suna kuma girmamawa. Ganuwar da Sarki Gijimasu (1095-1134) ya fara ginawa ta kewaye Dala ne da wannan fadama, domin garin da ke da ruwa a cikinsa yana iya jure wa ƙawanyar abokan gaba.

A zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) aka kafa kasuwa a bakin Jakara. Babu sauran itatuwan kurmi a wurin yau, amma har gobe Kasuwar Kurmi ake cewa. Clapperton, da ya zo a 1824, ya tarar da wata babbar fadama ta kusa raba birnin gida biyu, Barth kuma ya sake ganinta a 1851. A ƙarni na 20 Jakara ta zama magudanar ƙazantar birni. Daga bisani aka ɗaure ta da siminti, a shekarun 2010 kuma aka rufe wani sashe nata aka shimfiɗa titi a kai. Bayan ta fita gari takan haɗu da rafin Getsi, mai ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, masu lambu su yi ban ruwa da ita, sa'an nan ta zube a madatsar Wasai.

Ban da Jakara, birnin cike yake da kududdufai, watau ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, suka zama matattarar ruwan damina. An cike da yawa daga cikinsu an yi gine-gine. Ruwan da ya rasa mazauninsa kuwa, gidajen mutane yakan shiga.

4.0 Kogunan Kudu

Da birni ya bunƙasa, sai rijiyoyi suka gaza, aka juya ga kogunan kudu. Kogin Kano da Kogin Chalawa sun haɗu a kusa da Tamburawa, suka zama Kogin Haɗeja, wanda ruwansa kan bi Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Tun farkon shekarun 1930 aka fara jawo ruwan famfo daga Chalawa. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Chalawa kuwa a 1992. Amfaninsu ga noman rani a bayyane yake, sai dai sun rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara a kanta. Har wa yau rafin Salanta yana kwarara dattin majemun Sharaɗa cikin Chalawa, kogin da birni ke sha.

5.0 Kammalawa

Hausa ta bambanta kogi da rafi da ƙorama, ta bambanta kwari da fadama, da tafki da kududdufi, kowanne da irin ruwansa da lokacinsa. Sunaye irin su Ƙofar Ruwa, da Kwarin Mabuga, da Kwarin Gogau, da Kurmi, bayani ne game da ƙasar wurin. Wanda ya ji an ce kwari ya san ruwa zai bi ta nan ko an jima. Saboda haka ya kamata manazarta harshe su tattara waɗannan sunaye unguwa-unguwa, su naɗi furucinsu da bayanansu daga bakin dattawa tun suna raye. Masu tarihi za su amfana da wannan aiki, haka nan masu tsara gari, kafin su ba da izinin gini a kan hanyar ruwa.